Idan Ƙugu Ya Riƙe Farat Ɗaya

Sau da yawa a wurin taronmu za ki ji mace ta ce, "Jiya na sunkuya zan ɗau jarka, sai ƙuguna ya riƙe, na kasa miƙewa." Nan take wasu su ce iska ce ko sammu. Alhali mafi yawan lokaci naman baya ne ko jijiya ta gurɗe.

Jarka mai lita 25 in ta cika da ruwa, nauyinta kilo 25 ne. To ki sunkuya ƙafafu a miƙe, ga goyo a baya, ki fizgo ta kina juyawa, ai duk nauyin nan a ƙugu yake sauka. Haka daka, da shara da guntuwar tsintsiya, da wanki a sunkuye tun safe. Irin wannan ciwon yana ƙaruwa in kin motsa, ya lafa in kin huta, kuma yakan yi sauƙi cikin kwanaki ko 'yan makonni. Ki gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, ki sha farasitamol, ki riƙa ɗan takawa, don kwanciya yini guda sai ta ƙara sandarar da bayan. In za ki ɗau kaya, ki durƙusa, ki jawo shi kusa da jikinki, sannan ki miƙe. Tsaga da reza kuwa, don Allah a bari.

Amma ba kowane ciwon ƙugu ne na aiki ba. In yana gefe ɗaya, ga zazzaɓi, ga zafi wajen fitsari ko jini a cikinsa, wataƙila ƙoda ce. Mai juna biyu da ciwon ke zuwa yana tafiya tun watan haihuwa bai kama ba, naƙuda ce mai yiwuwa. Wadda ta yi ɓatan wata, sai ga ciwon mara a gefe ɗaya da ɗigon jini ko jiri, cikin na iya zama a wajen mahaifa, kuma wannan yana kisa cikin sa'o'i. Haka in ƙafa ta mutu, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba ki sani ba, ko tsohuwa ta faɗi sannan bayan ya kama.

Waɗannan ba a kwana da su a gida, ba a kuma tsayawa kemis. In kuɗin mota ne babu, a yi wa shugabar ƙungiya magana a taɓa asusun taimako a ranar, kada a jira ranar zubi.