Zango na Huɗu a Zafin Jimeta

Maganar ruwan sha ce ta kai ni. Duk wanda ya san Yola a Maris da Afrilu ya san halin da ake shiga: zafi ya haura maki 40, Binuwai ya janye ya bar yashi, mai ruwa ya ƙara wa jarka kuɗi. A irin wannan lokaci ne 'yan Katolika ke azuminsu na kwana 40, kuma kowace Juma'a su taru su bi Hanyar Gicciye, zango 14, ana durƙusawa ana tashi. Na so in ga yadda tsofaffi ke jurewa, sai na nufi wata ƙaramar coci a gefen Jimeta, ana saura kwana tara Ista.

An karɓe ni hannu bibbiyu. A bakin ƙofa akwai randuna biyu da moɗa, matan ƙungiyar Zumunta ta cocin ne ke karo-karo suna cika su. Katikis ya ce azuminsu bai hana shan ruwa ba. Abin da aka ɗora wa manya shi ne barin nama da cin abinci mai nauyi sau ɗaya tak ranar Larabar Toka da Juma'a Mai Tsarki. Abin da ke damunsa daban ne. Ya nuna mini bencin baya, babu kowa. "Ranar Ista ko wurin tsayawa ba za ka samu ba, kowa da sabon ɗinki," in ji shi. "Amma Alhamis ta kafin Ista da Fada zai wanke ƙafafun mutum 12, da Juma'a da ko ƙararrawa ba a kaɗawa, da daren Asabar da ake hura sabuwar wuta a waje, sai mun yi ta roƙo gida-gida."

Da aka fara addu'a, idona ya tsaya kan wata dattijuwa mai carbin Rozari da ya koɗe. A zango na huɗu, inda Yesu ya gamu da mahaifiyarsa Maryamu, kowa ya miƙe ya wuce, ita tana durƙushe a kan siminti mai zafi. Sai da wata yarinya ta kama ta.

Bayan an tashi na gaishe ta. Na ce, "Mama, gwiwa ce?"

"Ba gwiwa ba ce, ɗana."

'Yar Michika ce. A Satumbar 2014 Boko Haram suka shiga garinsu, ta gudu Mubi da 'ya'yanta. Ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi. Suka bi daji a ƙafa, ruwan kududdufi suke sha, tana tace wa ƙananan da bakin zanenta. A hanyar nan babban ɗanta ya ce zai koma ya ɗauko kakarsa. Ya ajiye mata galan ɗin ruwa ya juya. Har yau ba ta sake ganinsa ba, ba ta kuma ga kabarinsa ba.

"Maryamu ta ga nata a hanya, ta kuma riƙe gawarsa," ta ce. "Shi ya sa nake daɗewa a wurin. Ita ta san abin da nake gaya mata."

Ta yi watanni a harabar babbar cocin Santa Tereza da ke Jimeta, inda dubban 'yan gudun hijira suka fake, Kirista da Musulmi, tabarma kusa da tabarma. A 2021 Bishop Stephen Mamza ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi, ƙaramar hukumar Girei, domin waɗanda ba su da inda za su koma, har da masallaci ga Musulmin cikinsu. Ita dai wurin 'yarta take zaune, tana sayar da gyaɗa. A azumin nan ta daina shan shayin safe, kuɗin sukarin take jefawa a asusun marayu. Tana cikin masu cika randunan ƙofa, ba ta taɓa fashi ba.

Ban ga laifin mai tuƙa keke ko mai rumfa a kasuwar Jimeta da ya kasa zuwa kowace Juma'a ba, domin sai ya fita gidansa ke ci. Amma Juma'a Mai Tsarki hutu ce a duk Nijeriya, kuma ibadar ranar da ƙarfe uku na rana ake saba yin ta. Ɗan'uwa, idan kana cikin masu jiran Lahadi, ka zo tun daren Alhamis, ka kawo 'ya'yanka. Ka kashe waya, ka zauna kusa da irin su Mama, idan ta kasa tashi a zango na huɗu ka miƙa mata hannu.