Masar da Bangladesh: Ɗaya na neman ruwa, ɗaya na gudunsa

Idan ka duba taswirar duniya, za ka ga birnin Aswan na kudancin Masar da Dhaka, babban birnin Bangladesh, kusan a kan layi ɗaya suke, nisansu daga tsakiyar duniya kusan daidai yake. Sai ka yi tsammanin yanayinsu zai zo ɗaya. Ina! A Aswan ana iya shafe shekaru ba a ga ruwan sama na kirki ba, Dhaka kuwa tana samun kimanin milimita 2,000 duk shekara. Alƙahira kanta abin da take samu bai wuce milimita 25 ba.

Iska ce ta raba su. Daga watan Yuni zuwa Oktoba, iskar damina kan taso daga Tekun Bengal ɗauke da danshi, ta ci karo da tsaunukan da ke arewa da gabas, sai ta juye kayanta a kan Bangladesh. Masar kuwa tana ƙarƙashin busasshiyar iska mai saukowa daga sama, wadda ba ta barin hadari ya haɗu. Abin da bazara ke kawo mata shi ne guguwar hamsin mai zafi da ƙura.

Duk da haka, kogi ne ya haifi kowace a cikinsu. Faɗin Masar ya kai murabba'in kilomita miliyan ɗaya, amma kusan kashi 95 cikin ɗari na mutanenta, waɗanda suka haura miliyan 100, a gefen Nilu suke cunkushe, sauran ƙasar hamada ce. Shekaru dubbai ambaliyar Nilu ke zuwa sau ɗaya a shekara ta shimfiɗa wa manoma baƙar laka, har aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970. Tun daga nan manomi ya samu damar shuka fiye da sau ɗaya a shekara, amma lakar ta maƙale a bayan madatsa, dole ya koma sayen takin zamani.

Faɗin Bangladesh kusan daidai yake da na jihohin Neja da Borno a haɗe, amma mutum kimanin miliyan 170 ne a cikinta. A nan ne manyan koguna uku, Ganges da Brahmaputra da Meghna, suke haɗuwa su faɗa teku. A shekarar da ake ganin lafiya lau, wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar yana shiga ruwa, kuma manoman shinkafa maraba suke da irin wannan ambaliya. Wadda ake tsoro ita ce irin ta 1998, da ta shafe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, ko guguwar teku ta 1970 da ta kashe aƙalla mutum 300,000, shekara guda kafin ƙasar ta ɓalle daga Pakistan. Kogi yakan cinye gonar mutum a dare ɗaya, ya tara yashi ya yi sabon tsibiri a wani wuri, mutane su kwashe kwanon rufinsu su bi shi. A yankin Barisal har lambu ake yi a kan ruwa: a tara ciyawar ruwa ta yi tudu, a shuka kayan miya a kai, in ruwa ya ƙaru lambun ya ɗaga tare da shi. A ganina wannan dabara ba ta gaza dalar Masar ban mamaki ba, ko da yake masu yawon buɗe ido ba sa tururuwar zuwa ganinta.

Abinci ma ya bi ruwa. Ɗan Bangladesh shinkafa da kifi ne cimarsa, musamman kifin hilsa. Bamisire kuwa gurasa da wake, kuma da yake gonarsa ba ta isarsa, Masar na cikin ƙasashen da suka fi sayen alkama daga waje.

Kimanin tara cikin goma na mutanen kowace ƙasar Musulmi ne. Masar na da Kiristoci Ƙibɗawa, Bangladesh na da mabiya addinin Hindu. Masar ta rungumi Larabci, ga jami'ar Azhar da ta haura shekara dubu, inda 'ya'yan Hausawa da yawa suka yi karatu. Mutanen Bangladesh sun riƙe harshensu na Bengali gam. Ranar 21 ga Fabrairun 1952 'yan sanda suka harbe ɗalibai masu zanga-zangar kare shi a Dhaka, kuma ita ce ranar da UNESCO ta mayar Ranar Harshen Uwa ta Duniya a 1999.

Inda suka yi tarayya sosai shi ne makullin ruwansu yana hannun maƙwabta. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na ruwan Nilu daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, shi ya sa hankalin Masar ya tashi tun da Habasha ta fara gina babbar madatsarta a 2011. Bangladesh ma, duk yawan ruwanta, tana kukan ƙarancinsa da rani, domin Indiya na karkatar da wani kaso na Ganges a madatsar Farakka tun 1975. Yarjejeniyar rabon ruwan da suka ƙulla a 1996 wa'adin shekara 30 aka ɗibar mata, wato zuwa ƙarshen 2026.