Cyprian Ekwensi: Ibo Haifaffen Minna da Labaran Arewa

A garin Minna aka haifi Cyprian Ekwensi ranar 26 ga Satumba, 1921. Iyayensa 'yan Nkwelle Ezunaka ne a jihar Anambara ta yau, kuma mahaifinsa maharbin giwaye ne, gwanin ba da labari. Yaron ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Ibadan, ya koyi aikin gandun daji, daga baya ya karanci harhaɗa magunguna har Landan. Ga alama dai ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya kama zuciyarsa kamar alƙalami.

Manya sun fi saninsa da Jagua Nana (1961), labarin wata mace mai zaman kanta a Legas. Amma 'yan sakandare da wani littafi suka san shi, ɗan siriri: The Passport of Mallam Ilia, wanda aka buga a 1960. Wani dattijo ne a cikin jirgin ƙasa yake ba wani saurayi tarihinsa: yadda ya shiga wasan shanci don neman auren Zarah, ya kayar da Usman, gabar da ta ƙullu ta ci ran matar, shi kuwa ya bi sawun abokin gabarsa har ƙasa mai tsarki. Ekwensi ba ya tsayawa dogon kwatance. Ana gama wannan faɗa, an shiga wancan, yaro bai ankara ba ya kai bangon ƙarshe. Masu sharhi sun sha sukarsa da gaggawa, amma gaggawar ce ta riƙe masa 'yan aji.

A 1962 ya fitar da Burning Grass, kan wani Bafillace, Mai Sunsaye, da ciwon yawo da ake kira sokugo ya raba da iyalinsa. A shekarar kuma An African Night's Entertainment ya fito, kuma a nan ne Bahaushe zai ɗaga gira. Duk wanda ya karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East zai gane attajiri Malam Shehu da ya ƙwace budurwar wani, da ɗansu Kyauta da aka lalata don ramuwa. Har sunayen ba su yi nisa ba, kuma masana sun daɗe suna taƙaddama a kan aro ne ko kwafa.

Ekwensi ya rasu a Inugu ranar 4 ga Nuwamba, 2007, yana da shekara 86.