BAYANI: Daga asusun ƙasa zuwa ƙungiyar ajiya da lamuni, yadda ake koya wa yara tanadi da abin da ke barazana ga kuɗinsu

Asusu kalma ce mai fuska biyu a Hausa. Tana nufin ’yar tukunyar ƙasa mai tsaga a ka, wadda yaro ke jefa kuɗin barka da Sallah har ranar da za a fasa, tana kuma nufin ajiyar da mutum ke buɗewa a banki. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata hanya ta uku da ƙasashe da dama suka daɗe suna bi wajen tarbiyyar yara kan kuɗi, wato ƙungiyar gama kai ta ajiya da lamuni, wadda a Turance ake kira credit union.

Mece ce wannan ƙungiya?

Bankin kasuwanci mallakin masu hannun jari ne, kuma ribarsa su take komawa. Ƙungiyar ajiya da lamuni kuwa mallakin masu ajiyar ce da kansu. Mutanen da wani abu ya haɗa, kamar sana’a ɗaya ko unguwa ɗaya ko wurin aiki, su ne ke tara kuɗinsu wuri guda, su riƙa bai wa junansu rance daga ciki. Abin da ya yi saura bayan an fitar da ɗawainiya yakan koma ga mambobi. A taron shekara, kowane mamba ƙuri’a ɗaya gare shi, ko ajiyarsa ta kai miliyan ko ba ta wuce dubu ba.

Tsarin ya samo asali ne a Jamus cikin ƙarni na 19, inda Friedrich Raiffeisen ya kafa irin wannan ƙungiya ga manoma a 1864 domin ceto su daga masu bashi da ruwa. A 1900 Alphonse Desjardins ya kafa tasa a garin Lévis na lardin Quebec a Kanada. Ajiyar farko da aka kawo masa santi 10 ce kacal. A 1907 ya shigar da tsarin cikin makarantu, yara suna kawo ’yan kuɗaɗensu ana rubuta musu, kuma har yau asusun makaranta yana aiki a lardin.

Darasin Ghana

A Afirka ta Yamma, Ghana ce kan gaba. A 1955 wani limamin Katolika, John McNulty, ya kafa ƙungiyar farko a Jirapa da ke arewa maso yammacin ƙasar, kuma a 1968 ƙungiyoyin suka dunƙule ƙarƙashin uwar ƙungiya mai suna CUA. Ita ce ke tallafa wa kulob-kulob na tanadi a makarantun sakandare, inda ɗalibai ke zaɓen shugabanninsu, su karɓi ajiya, su riƙe littafin lissafi, malami yana sa ido.

Abin da yaro ke koya a nan ya zarce tara kuɗi. Asusun ƙasa ba ya ba da rasit, ba ya kuma amsa tambaya. A ƙungiya kuwa yaro yana ganin sunansa a rubuce, yana ganin ranar da ya saka da ranar da ya cira, yana kuma koyon cewa ma’aji bawan masu ajiya ne, wajibi ne ya yi bayanin kowane kwabo. Wanda ya saba tambayar ma’ajin ajinsu ina kuɗi suka shiga, ba zai ji nauyin yi wa shugaban ƙaramar hukuma irin wannan tambaya ba idan ya girma.

Yadda asusun yaro ke aiki

Yawanci uba ko uwa ko mariƙi ne ke buɗe asusun da sunan yaron, da takardar haihuwarsa da shaidar babban. Yaro na iya kai ajiya da hannunsa, amma cirewa sai da sa hannun wanda ya tsaya masa, har ya kai shekarun da doka ta ɗauke shi baligi. Ba a bai wa yaro rance. Abin da ke sa tsarin ya yi tasiri shi ne maimaitawa da kuma buri bayyananne, kamar keke ko kuɗin jarrabawa. Naira 500 a kowane mako ta zama naira 26,000 a shekara, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Inda gizo ke saƙar

Barazana ta farko ita ce tsadar kaya. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, a Ghana kuma ta haura kashi 54 a Disambar 2022. A irin yanayin na Najeriya, abin da ake saya naira 26,000 a farkon shekara zai koma kusan naira 35,000 a ƙarshenta. Yaron da aka ce ya yi haƙuri ya tara, sannan ya tarar kuɗinsa ba su kai ga keken ba, yana iya ɗaukar darasin da ba shi aka nufa ba. Gara a faɗa masa gaskiya tun farko, a kuma taƙaita wa’adin burinsa. Canjin kuɗin da Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022 shi ma ya nuna raunin ajiyar gida, domin tsofaffin takardun da ke cikin asusun ƙasa sun kusa zama takardar banza kafin Kotun Ƙoli ta tsawaita amfani da su a Maris ɗin 2023.

Barazana ta biyu ita ce rashin kariya. A Amurka, hukumar NCUA ta gwamnatin tarayya tana tsaya wa ajiyar mamba har dala 250,000 idan ƙungiya ta durƙushe. A Najeriya, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga kariyarta a 2024 zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci da naira miliyan 2 a ƙananan bankuna, amma wannan ya shafi masu lasisin Babban Banki ne. Ƙungiyoyin gama kai suna yin rajista ne a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai, galibi na jiha. Idan shugabanni suka ci amana ko masu rance suka ƙi biya, mamba ba shi da wannan garkuwa. Ko lasisi ma ba ya wadatarwa idan sa ido ya yi rauni: a 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana guda.

Akwai kuma batun kuɗin ruwa, wanda iyaye Musulmi da yawa ba za su yarda ya gauraya da dukiyar ’ya’yansu ba. Tunda mambobi ne ke tsara dokokin ƙungiya, suna da ikon gina ta kan rance marar ruwa da kasuwancin raba riba.

Abin dubawa kafin a buɗe

Kafin a miƙa kuɗin yaro, ya kamata a ga takardar rajistar ƙungiyar, a nemi rahoton mai binciken kuɗi na shekarar da ta gabata, a tabbatar ana yin taron shekara ana kuma zaɓe, a san kwanakin da cire kuɗi ke ɗauka. Duk wadda ta yi alƙawarin riba mai tsoka a kowane wata, a tuna da MMM da ta daskarar da kuɗin ’yan Najeriya a Disambar 2016.

Sauran aikin yana wuyan gwamnatocin jihohi, waɗanda ke ba da rajista, da ’yan majalisar da ke da ikon samar wa ƙananan masu ajiya kariya a doka. Yaron da ajiyarsa ta farko ta salwanta a hannun manya, da wuya ya sake amincewa da wani asusu.