Samarin Shefil Da Kyauta Ta Buɗe Wa Kasuwa

A cikin shekarar 2002 ne waɗansu samari na birnin Shefil, a ƙasar Ingila, suka kafa ƙungiyar makaɗan jita mai suna Arctic Monkeys. Inda duk suka yi wasa, sai su rarraba wa jama'a fayafayan waƙoƙinsu kyauta. Masoyansu kuwa suka dinga yaɗa waƙoƙin ta intanet, har sunan samarin ya game ƙasa.

Mai karatu zai zaci wanda ya samu a banza ba ya saye. To, da ƙaramin kamfanin nan Domino ya fito da faifansu na farko cikin watan Janairu na 2006, an sayar da fiye da 360,000 a mako guda. Kafin wannan lokaci babu faifan farko da ya taɓa yin irin wannan kasuwa a Birtaniya.

Masana kiɗa ma sun sallama, domin faifan ya ci lambar Mercury a 2006 da ta Brit a 2007. Abin da ya fi burge su shi ne yadda mawaƙin ƙungiyar, Alex Turner, ɗan shekara 20 a lokacin, ya waƙe masu gadin gidajen rawa da masu neman tasi da tsakar dare, cikin karin harshen garinsu.