Yadda na'urorin hoto ke leƙa ƙwaƙwalwar jariri bakwaini, da abin da suka gano

A ƙauyukan Dambatta, Bichi, Kunchi da Makoɗa, idan mace ta haifi bakwaini, abin da ake fara tambaya shi ne ko zai rayu. Idan ya rayu, sai wata tambayar ta biyo baya: zai zauna da wuri? Zai yi tafiya da magana kamar sa'anninsa? Amsar tana cikin ƙwaƙwalwarsa, kuma yanzu akwai na'urorin da ke iya ganin ta ba tare da an yi tiyata ba.

Bakwaini a wurin likitoci shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a shekarar 2020, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan.

Me ya sa makonnin ƙarshe suke da muhimmanci?

A watanni ukun ƙarshe na ciki ne ƙwaƙwalwa take girma da sauri. Fuskarta da take sumul sai ta fara naɗewa, kuma zarurrukan da ke haɗa sassanta su yi ta shimfiɗuwa, kamar wayoyin da ke kai saƙo tsakanin sassan kwamfuta. A mako na 34, nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kusan kashi 65 cikin 100 na nauyin da za ta kai a lokacin haihuwa ba. Bakwaini yana ƙarasa wannan ginin ne a waje, cikin sanyi da hayaniya da haɗarin kamuwa da cuta.

Matsaloli biyu ne likitoci suka fi nema. Ta farko zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa, domin jijiyoyin jinin da ke tsakiyarta ba su yi ƙwari ba. An fi ganin wannan a jariran da ba su kai mako 32 ba, kuma yawanci a kwana ukun farko. Ta biyu rauni a waɗancan zarurruka masu kai saƙo, wanda kan jawo sanƙarewar gaɓoɓi ko wahalar koyo daga baya.

Na'ura ta farko: sikanin ta maɗiga

Wurin nan mai laushi da ke tsakiyar kan jariri, wato maɗiga, shi ne ƙofar da likita yake bi. Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, tana tura sautin da kunne ba ya ji, sannan ta haɗa hoto daga amsa-kuwwar da ta dawo. Ƙashi yana tare sautin, amma a maɗiga ƙashin bai rufe ba tukuna. Ana yin aikin a gefen gado cikin 'yan mintuna, ko da jaririn yana cikin kwalba. Tana nuna zubar jini da taruwar ruwa sosai, sai dai ƙananan raunuka sukan ɓuya mata.

Na'ura ta biyu: MRI

MRI tana amfani da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo, ta karanta sigina daga ruwan da ke jikin mutum. Akwai ma salon da ke bin yadda ruwa yake motsi a jikin zarurrukan ƙwaƙwalwa, ya zana taswirarsu. A shekarar 2006, masu bincike a New Zealand da Ostireliya sun wallafa sakamakon hoton bakwaini 167 da aka ɗauka a lokacin da ya kamata a ce an haife su. Sun gano cewa waɗanda hoton ya nuna rauni babba a zarurrukan sun fi samun jinkirin motsi da fahimta a shekara biyu. Wannan ba hukunci ba ne a kan kowane yaro, domin da yawa daga cikin bakwaini suna tashi lafiya ƙalau. Amfanin hoton shi ne sanin wanda ke buƙatar a sa masa ido da gashin ƙashi tun da wuri.

Matsalar MRI ita ce girma da tsada. Tana buƙatar ɗaki na musamman, da ruwan hiliyom na sanyaya ta, da wutar da ba ta ɗaukewa. Shi ya sa sai a manyan birane ake samun ta.

Na'urorin suna ƙanƙancewa

A shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Swoop, wata ƙaramar MRI ta kamfanin Hyperfine. Ana tura ta a kan tayoyi, a jona ta a soket ɗin bango, a sarrafa ta da iPad. Ƙarfin maganaɗisunta Tesla 0.064 ne, alhali manyan na asibiti suna da 1.5 ko 3. Hotonta bai kai nasu fitowa ba, don haka ake amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gyara shi. Wani shiri mai suna UNITY, wanda Gidauniyar Gates take ɗaukar nauyi tare da King's College ta Landan, yana amfani da ita wajen nazarin girman ƙwaƙwalwar yara a ƙasashe irin su Ghana, Malawi da Uganda.

Sikanin kuwa har ta shigo aljihu. Butterfly iQ ɗan kai ne da ake jonawa a wayar hannu, hoton ya fito a manhaja. A 2022 aka fara shirin raba guda 1,000 ga ma'aikatan lafiya a Kenya da Afirka ta Kudu domin duba masu ciki. Wannan yana da alaƙa da bakwaini kai tsaye: sikanin a farkon ciki ne yake nuna makonninsa daidai, kuma da shi ake bambanta bakwaini da jaririn da ya cika watanni amma ya zo ƙarami. Sai dai na'ura ba ta karanta kanta, dole sai da wanda ya samu horo.

Abin da za a iya yi tun yau

Wani darasi da hoton ya bayar ba ya buƙatar wuta ko data. A 1978 aka fara renon kangaru a Bogota ta ƙasar Kolombiya, wato a ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, ana ba shi nono. Da aka bibiyi wasu da aka rena haka bayan shekara 20, hoton MRI ya nuna wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwarsu ya fi girma idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna cewa fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kusan kashi 25 cikin 100.

Don haka idan aka haifi bakwaini a gida, kada a jira suna. A ɗora shi a ƙirjin uwa, a rufe kansa, a jinkirta wanka, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, domin a tura shi inda ake da sashen jarirai na musamman, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can iyaye za su iya tambayar likita ko jaririn yana buƙatar sikanin ta maɗiga, da kuma ranar da za a dawo da shi a duba girmansa.