Yara 14 da aka bi rayuwarsu shekara 55

A shekarar 1964 gidan talabijin na Granada a Ingila ya tara yara 14 'yan shekara bakwai-bakwai, aka sa su gaban kyamara ana yi musu tambayoyi: me kake so ka zama, za ki yi aure, me ka sani game da masu kuɗi da talakawa? Sunan shirin Seven Up!, kuma da farko ba a yi niyyar maimaita shi ba. Sai wani saurayi cikin waɗanda suka zaɓo yaran, Michael Apted, ya koma ya nemo su da suka cika shekara 14. Daga nan abin ya ɗore. Duk bayan shekara bakwai sai ya je ya zauna da su, har zuwa kashi na tara, 63 Up, wanda ya fito a 2019. Apted ya rasu a watan Janairun 2021.

Manufar farko ta siyasa ce. Masu shirin so suke su nuna cewa a Ingila gidan da aka haife ka shi ke yanke maka gaba. Shi ya sa suka ɗauko 'ya'yan masu hali daga makarantun kuɗi, da 'ya'yan talakawan gabashin Landan, da yara biyu daga gidan renon yara, da wani ɗan manomi daga ƙauyen Yorkshire. Kuma ba a ce sun yi kuskure gaba ɗaya ba. Andrew yana ɗan shekara bakwai ya lissafa makarantun da zai shiga har zuwa jami'ar Cambridge, ya kuwa shige su, ya zama lauya. Abin da ban dariya a bakin yaro, amma da ka ga ya tabbata sai dariyar ta tsaya.

Sai dai abin da ya sa nake cewa a nemi shirin a kalla shi ne wuraren da lissafin ya ƙi fita. Nick, ɗan manomin nan mai kunya, ya je Oxford ya karanta kimiyyar fiziks, ya ƙare yana farfesa a jami'ar Wisconsin a Amurka. Tony ya ce shi sukuwar dawaki zai yi. Ya gwada, abin bai karɓe shi ba, ya zama direban tasi a Landan, ya riƙe iyalinsa ba tare da ƙorafi ba.

Labarin Neil kuwa shi ne wanda ba ya barin zuciya. A kashin farko babu yaro mai fara'a kamarsa, ɗan Liverpool mai tsalle-tsalle da surutu. Yana da shekara 21 ya bar jami'a yana aikin leburanci a Landan. Yana da 28 an same shi ba gida ba aiki, yana gararamba a Sikotilan, damuwa ta cinye shi. Duk wanda ya kalli wannan kashi zai ɗauka ba za a sake ganinsa ba. A 42 Up sai ga shi ya zama kansila a unguwar Hackney. Wanda ya ba shi masauki a lokacin da yake neman tashi kuwa Bruce ne, abokin shirinsa, malamin lissafi, wanda tun yana yaro yake cewa so yake ya je Afirka ya koyar. Wane marubucin fim ne zai ƙaga wannan a yarda da shi?

Shirin yana da aibunsa. Mata huɗu ne kawai cikin yara 14, kuma Apted da kansa ya amince cewa an yi kuskure a nan. Jackie, ɗaya daga cikinsu, ta fuskance shi a gaban kyamara ta ce tambayoyin aure da 'ya'ya yake ta yi musu, alhali maza ana tambayarsu aiki da siyasa. John ya yi ƙorafin an nuna shi kamar ɗan gata, ba a faɗi cewa mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara tara ba. Charles ma bayan 21 Up ya fice bai sake dawowa ba. Ba ƙaramin abu ba ne a zo duk shekara bakwai a tone maka rayuwa duniya na kallo, kuma kai ba kai ka zaɓa ba tun farko.

Wanda zai kalla ya fara daga na 1964, ya bi su a jere, kada ya yi tsalle zuwa na ƙarshe. Kowane kashi yana dawo da tsofaffin hotuna, don haka idan aka kalle su a dare ɗaya maimaicin zai gundura. Gara a bar kwanaki tsakani. An yi irin wannan shiri a wasu ƙasashe, ciki har da Afirka ta Kudu, inda aka fara da yaran da suka cika bakwai a farkon shekarun 1990, daidai lokacin da mulkin wariyar launin fata ke rushewa.